Baitulmalin En'e da Gina Makarantu a Kano, 1909 zuwa 1947

Kalmar baitulmali ta girmi zuwan Turawa ƙasar Hausa da ƙarnuka masu yawa. Malaman fiƙihu sun daɗe da tantance ƙofofin da dukiya ke shiga cikinsa da waɗanda take fita, suka lissafa tsaron iyakoki, da albashin alƙalai, da gina masallatai da gadoji, da tallafa wa mabuƙata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi magana a kan wannan a cikin Kitabul Farƙi, inda ya kawo hanyoyin shigar kuɗi guda bakwai da shari'a ta yarda da su, ya kuma sanya jangali cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe a kansu. Wannan maƙala tana duban abin da ya sami kalmar bayan da Turawa suka ɗauke ta suka raɗa wa asusun hukumar En'e, da kuma rabon da ilmin addini ya samu a cikinsa.

Wani jami'in mulki mai suna Palmer ne ya fara jarraba tsarin a Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma zuwa 1911 ya bazu a manyan masarautun Arewa. Harajin da aka tara da jangali ana raba su biyu: rabi ga gwamnatin Turawa, rabi ga baitulmali. Sarki da hakimai da alƙalai da dogarai suka koma kan albashi. Kowace shekara ana tsara kasafi, sai Razdan ya duba ya amince kafin Ma'aji ya fitar da ko sisi. Zakkar hatsi kuwa aka narkar da ita cikin haraji na bai ɗaya, ta rasa sunanta, ta kuma rasa masarufanta takwas da Alƙur'ani ya ambata. A ganina nan ne aka yi babban sauyi, domin an bar suna an canza ma'ana, jangalin da Shehu ya soka kuma ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan asusun.

Baitulmalin Kano shi ne mafi ƙarfi a Arewa saboda yawan jama'a da cinikin gyaɗa bayan isowar jirgin ƙasa. Da Sarki Abdullahi Bayero ya hau mulki a 1926 ya tarar da ajiya mai kauri, aka kuma yanke shawarar zuba kaso mai tsoka nata a aikin ruwan famfo daga kogin Calawa da wutar lantarki, wanda aka buɗe a 1931. A waɗannan shekaru ne kuma aka gina asibitin birni. Ba wanda zai yi musun alherin wannan. Duk wanda ya san halin da mutanen birni suke ciki da ruwan kududdufi da rijiyoyi ya san kiyaye rai aka yi, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Sai dai kasafi tsani ne, abin da aka ɗora a sama yana nuna abin da aka bari a ƙasa.

Makarantar boko ta farko da gwamnati ta buɗe a Kano ita ce ta Ɗan Hausa a Nasarawa, a 1909. Daga baya En'e ta ɗauki nauyin gina makarantun elementare a gundumomi, da biyan malamansu, da ciyar da 'yan makarantar midil. Makarantun allo kuwa, waɗanda Lugga da kansa ya ƙiyasta sun kai kimanin 25,000 a Arewa, ba su da layi ko ɗaya na kansu a tsarin gine-ginen. Talakan da ya biya haraji shi ne dai ya ci gaba da ba malam kuɗin Laraba, ya ba almajiri sadaka, ya kafa rumfar zana a ƙofar gida. Wato sau biyu yake biya: ɗaya dole, don makarantar da da wuya ɗansa ya shiga, ɗaya kuma don Allah, domin wadda ɗansa yake ciki. Gaskiya ne malamai da yawa ba su so kuɗin hukuma ba, suna ganin shubuha a cikinsa, suna kuma tsoron duk wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma ƙin karɓa daban, rashin tayi daban.

Ƙofar da ilmin addini ya samu ya shiga baitulmali ita ce ƙofar alƙalanci, domin mulkin Turawa yana buƙatar kotunan alƙalai su yi aiki bisa tsari. A 1928 aka buɗe makarantar shari'a ta Shahuci. A 1934 aka kafa Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan, hukumomin En'e na larduna suka riƙa turo ɗalibansu. A nan aka fara karantar da fiƙihun Malikiyya da Larabci a aji, da jadawali da jarrabawa da takardar shaida. Malam Abubakar Gumi yana cikin waɗanda suka fito daga cikinta.

A 1947 gwamnati ta karɓe ta, aka sauya mata suna zuwa Makarantar Nazarin Larabci. A harabarta ne aka fara kwalejin da daga baya ta ɗauki sunan Abdullahi Bayero, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Shekara guda kafin nan, a 1976, aka maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, aka kuma ƙaddamar da shirin ilmin firamare ga kowa. Sababbin hukumomin suka gaji gine-ginen elementare da malamansu da littattafan kasafinsu, kuma a cikin littattafan nan har lokacin tsangaya ba ta da shafi.