Sayi: Garin da Fito Ya Raya

Garin Sayi yana gaɓar yamma ta kogin Kwara a Jamhuriyar Nijar, kudu da Yamai. Ya bunƙasa ne a farkon ƙarni na 19, bayan da malamin nan Alfa Muhammadu Jobbo ya kafa zamansa a wurin, almajirai suka yi ta kwararowa, garin kuma ya shiga ƙarƙashin Gwandu.

Sai dai arzikin Sayi fito ne ya kawo shi. A nan ayarin fatake da suka taso daga Sakkwato da Gwandu ke tsayawa su ƙetare zuwa ƙasar Gurma da Liptako, ɗauke da tufafi da gishiri. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya haye a nan a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. Ya bayyana manyan kwale-kwalen da ake sassaƙawa daga gungume biyu, a ɗinke su a tsakiya, har su ɗauki raƙuma.

Muhimmancin mashigin ya sa a yarjejeniyar 1890 Ingila da Faransa suka ja layin rabon ƙasa daga Sayi zuwa Baruwa, bakin tafkin Cadi. Amma mulkin Faransa ya karkatar da hanya. Yamai ta zama babban birni a 1926, aka kuma buɗe gadar Kennedy a 1970, mota ta maye gurbin ayari.

Kasuwar fito ta mutu, karatu bai mutu ba. Jami'ar Musulunci ta Nijar a Sayi take yau.