Sanata Kabiru Garba Marafa

Kabiru Garba Marafa ɗan siyasa ne daga Ƙaramar Hukumar Tsafe, wanda ya wakilci Zamfara ta Tsakiya, wato Gusau, Tsafe, Bungudu da Maru, a Majalisar Dattawa daga 2011 zuwa 2019. Ya shiga majalisar a tutar ANPP, aka sake zaɓensa a APC a 2015, ya shugabanci kwamitin kula da tacewa da rarraba man fetur. An fi tunawa da shi kan takaddamarsa da Gwamna Abdul'aziz Yari game da zaɓen fitar da gwani na 2018. Ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a jihar, kusan dukkan kujerun suka koma hannun PDP, har da ta gwamna.