Tarihin Bukukuwanmu: Yadda Hawan Sallah Ya Ɗore, Kalankuwa Ta Kwanta



Yaran unguwarmu sun san hawan sallah, sun san tashe, sun san yawon sallah gidan kakanni. Amma idan aka ce da su kalankuwa ko gayya, da yawansu sai sun nemi a yi musu bayani. Alhali kuwa kakanninmu sun rayu da waɗannan bukukuwa gaba ɗaya, kuma kowanne da lokacinsa. Yau za mu duba dalilin da ya sa wasu suka ɗore, wasu kuma suka kwanta.

Bahaushe ya daɗe yana ƙirga shekararsa ta hanya biyu. Ta farko ita ce lissafin wata, wanda ya zo da Musulunci. Shekarar wata kwana 354 ce, wato ta gaza ta rana da kusan kwana 11, shi ya sa azumi ke faɗowa wani lokaci cikin zafin bazara, wani lokaci cikin sanyin hunturu, har ya zagayo inda ya fara bayan kusan shekara 33. Mutanenmu sun laƙaba wa watannin sunaye daga abin da ake yi a cikinsu: Muharram watan cika-ciki, Rajab watan azumin tsofaffi, Sha'aban watan sha ruwan tsofaffi, sai watan azumi, watan ƙaramar sallah da na babbar sallah. A wannan lissafi ne tashe yake, daga goma ga azumi. A nan ne Takutaha ta Kano take, inda ake hawa dutsen Dala mako guda bayan Maulidi, haka kuma Sallar Gani ta Daura da Gumel.

Hanya ta biyu ita ce lissafin manoma, wanda ke bin ruwan sama: bazara, damina, kaka da rani. Shi ne ya haifar da karin maganar nan, watan bakwai maƙarar rani. Da damina ake gayya, samari su taru a gonar mutum ɗaya, makaɗa na buga gangar noma, mata na kawo fura da tuwo, gobe kuma a koma gonar wani. Da kaka, idan an ɗaure dammuna an fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, sai matasa su shirya kalankuwa. Ƙauyuka su gayyaci juna, a yi kokawa, mahauta su yi dambe, 'yan mata su yi gaɗa, a kwana biyu ko uku ana shagali. A nan ake ganin juna, kuma aure da yawa daga nan ya samo asali. Manomin da ya noma dami dubu kuwa, shi ake yi wa biki a kira shi Sarkin Noma.

Bukukuwan wata sun samu masu riƙe da su tun da wuri, wato masallaci da fada. Tarihin Kano ya danganta abubuwa da dama na ƙasaitar sarauta, irin su kakaki da figini, ga Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma daga zamaninsa masana da yawa ke kamo asalin hawan sallah. A Bauchi, Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya karɓo tuta, ya zauna a Inkil, sannan ya kafa garin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa, ya yi sarauta har zuwa rasuwarsa a 1845. A wancan zamani hawan sallah yana da aiki sosai. Rana ce da hakimai ke zuwa da dawakansu da mayaƙansu su yi jahi a gaban Sarki, ya ga ƙarfin rundunarsa da idonsa, su kuma su jaddada biyayya.

Turawan Ingila sun shigo Bauchi a 1902. Yaƙi a kan doki ya ƙare, amma hawa bai ƙare ba, domin su ma Turawan sun ga amfaninsa. An yi babban hawa a Kano a 1925 don tarbar Yariman Ingila, an yi wani a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth ta Biyu, aka sake yi a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. Har yau a Bauchi, ƙarƙashin Mai Martaba Sarki Rilwanu Sulaiman Adamu wanda ya hau gadon sarauta a 2010, ana hawan sallah, ana Hawan Daushe. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Biki ne mai ranar da kowa ya sani, mai wanda ke kiran mutane, mai wanda ke ɗaukar nauyinsa.

Kalankuwa da gayya ba su da fada. Gona ce ke riƙe da su. An ƙirƙiri jihar Bauchi a 1976, garin ya zama babban birni, ma'aikata suka ƙaru, makarantu suka buɗe, gine-gine suka tsallake ganuwa suka nufi Yalwa, Fadamar Mada da hanyar Jos. Gonakin bakin gari suka koma fulotai. A ƙauyuka kuma ƙwadago na kuɗi ya maye gurbin gayya, samari suka riƙa tafiya ci-rani da zarar an gama girbi, ba su jira kalankuwa. Sannan malamai sun yi wa'azi a kan abin da ke cikin wasu wasanni na cuɗanyar maza da mata da shaye-shaye, kamar yadda tun zamanin jihadi aka yaƙi yanka ga itatuwa da duwatsu. Wannan gyara yana da hujjarsa. Sai dai a wurare da yawa, da aka zubar da abin ƙi, har da taimakon juna da zumuncin ƙauyuka aka haɗa aka zubar.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. Faransa, wadda ta mulki 'yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi, tana da tarihi mai kama da namu, kuma akwai darasi a cikinsa. Su ma shekararsu a kan coci da gona aka gina ta. Ranar 6 ga Janairu suna cin wata waina da ake ɓoye ɗan ƙaramin abu a ciki, wanda ya ci karo da shi a rabonsa ya zama sarkin ranar. Kafin azuminsu na kwana arba'in suna fitowa tituna da shigar ban dariya, abin da zai tuna wa Bahaushe tashe. A daren 23 ga Yuni ƙauyuka kan hura babbar wuta a fili, da kaka kuma a yi bikin tsinkar inabi.

Bayan juyin juya halin 1789, sababbin shugabanni suka ƙuduri niyyar raba jama'a da bukukuwan coci. A 1793 suka fito da sabuwar kalanda: wata goma sha biyu, kowane kwana 30, mako kuma kwana goma, don Lahadi ta ɓace. Suka cire sunayen waliyyan coci daga ranaku, suka sa na tsirrai, dabbobi da kayan aikin gona. Talakawa da yawa suka ci gaba da hutun Lahadinsu, ma'aikata kuma suka ƙi jinin hutu ɗaya cikin kwana goma. Napoliyon ya soke kalandar daga 1 ga Janairu 1806. Ko bayan dokar 1905 da ta raba gwamnati da coci, cikin ranakun hutu 11 na ƙasar a yau, shida na addinin Kirista ne.

Abin da doka ta kasa yi, barin gona ya yi shi cikin ruwan sanyi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan Faransa manoma ne, yanzu ba su kai uku cikin ɗari ba. Injina suka shigo, matasa suka tafi birane, al'adun ƙauye suka fara mutuwa. A yankin Biretan da ke arewa maso yammacin ƙasar akwai wata rawar dare mai suna Fest-noz, wadda manoma ke yi bayan sun gama aikin gayya. Ta kusa ɓacewa, sai a shekarun 1950 wasu 'yan yankin suka farfaɗo da ita a zaurukan taro na ƙauyuka. A 1972 wasu matasa suka kafa ƙungiyar Dastum, suna bin tsofaffi gida-gida da rikoda suna naɗar waƙoƙi da labarai. A 2012 UNESCO ta sa wannan rawa cikin jerinta. Gonar gayya ta tafi, amma an samu waɗanda suka ɗauki nauyin abin da ta bari.

Misali mafi kusa da mu yana Nijar. Kokawa a can ma wasan kaka ce ta ƙauyuka. Gwamnatin Seyni Kountché ta mai da ita gasar ƙasa, aka yi ta farko a Tawa a 1975, kuma Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobi. Tun daga nan gasar ke zagaya jihohin ƙasar, ana sauraronta a rediyo har a wannan ɓangare na iyaka. An ba ta lokaci, an ba ta fili, an ba ta masu kula da ita, sai ta rayu. A jiharmu ma al'ummar Zaar na Tafawa Balewa da Bogoro sun riƙe bikinsu na shekara-shekara bayan girbi, 'ya'yansu na dawowa gida daga nesa dominsa.

Mu a Shadawanka muna da wata dama da ba kowace unguwa ke da ita ba. Saboda bariki da aikin gwamnati da kasuwanci, mutane daga garuruwa daban-daban suka taru a nan, kuma kowane dattijo ya zo da tarihin ƙauyensu a kansa. Akwai waɗanda suka yi gayya da hannunsu, akwai iyaye mata da suka san waƙoƙin daɓe da na niƙa. Kowace wayar hannu tana naɗar murya. Matasanmu za su iya zama da su, su tambaye su watan da ake yin kowane biki, wa ke kira, me ake ci, me malamai suka hana, me suka bari, a rubuta a ajiye. Makarantun unguwa za su iya ware rana guda da kaka don kokawar yara, langa da tatsuniya, da sanin iyaye da limamai. Ita kuwa gayya, ko babu gona tana da wurin zama: yashe kwata kafin damina, gyaran maƙabarta, da tayar da katangar marayu idan ruwa ya rushe ta.

Duk wanda ke da dattijo a gida da ya ga kalankuwa da idonsa, ya sanar da mu a ƙasan wannan rubutu, tare da sunan garin da aka yi ta. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Bauchi da Najeriya lafiya. Amin.