Mata da Yara a Ramukan Kwal na Birtaniya

A farkon ƙarni na 19, haƙar kwal a sassa da dama na Birtaniya sana'ar gida guda ce. Magidanci yana sara a ƙarƙashin ƙasa, matarsa da 'ya'yansa suna kwashewa, ana biyansa gwargwadon abin da ya iso waje. Yara 'yan shekara shida sukan wuni cikin duhu suna tsaron ƙofofin iska. A gabashin Sikotland mata ne ke goya kwal suna hawa tsani da shi, har da masu juna biyu.

A 1838 aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya malala cikin ramin Huskar kusa da Barnsley, yara 26 suka halaka. Bayan haka wani mai suna Lord Ashley ya matsa wa majalisa aka kafa hukumar bincike, rahotonta ya fito a 1842 ɗauke da zanen 'yan mata suna rarrafe, an ɗaura musu sarƙa a ƙugu suna jan kaya. Hankalin jama'a ya tashi, ko da yake rashin suturar matan ya fi damun wasu a kan wahalar da suke sha. A shekarar aka yi dokar da ta hana mata kowane irin aiki cikin rami, haka ma yara maza 'yan ƙasa da shekara 10.

Hanin ya dace, domin aikin yana cinye lafiya tun da ƙuruciya. Sai dai dokar ba ta tanadi diyya ko wata sana'a ba, kuma waɗanda aka yi ta dominsu ne suka fara ɗanɗana kuɗarta. Zawarawa da matan da ke ciyar da tsofaffin iyaye suka wayi gari ba abin sawa a baka. Wasu suka koma tantance kwal a bakin rami, wasu suka riƙa sa kayan maza suna shiga a ɓoye, abin da ya ƙara wa masu ramin iko a kansu, tunda mai aikin sata ba ya kai ƙara. Sufeto ɗaya tak aka naɗa wa ƙasar baki ɗaya.

Majalisa ta raba talaka da aikin zalunci, amma ta bar shi da talaucin da ya tura shi ramin. Yaran da aka fitar ma ba a tanadar musu wurin zuwa ba: karatun dole bai zo Sikotland ba sai 1872, Ingila kuwa sai 1880.