Raunata kai da gangan: Yadda likitoci ke kallon matsalar da abin da doka ta tanada

A wajen ma'aikatan lafiya, raunata kai na nufin mutum ya ji wa jikinsa ciwo ko ya sha abin da zai cutar da shi da gangan, ko mene ne dalilinsa. Ɗabi'ar ta fi somawa a shekarun balaga, kuma masu yin ta sukan ɓoye ta.

Likitocin ƙwaƙwalwa ba su ɗauke ta a matsayin neman suna ko raunin imani ba. A fahimtarsu, hanya ce da mai ƙuncin zuciya ke bi don samun sauƙi na ɗan lokaci. Da sauƙin ya gushe sai kunya da nadama su biyo baya, su sake tura shi ga aikatawa. Takan zo tare da ciwon damuwa, fargaba, shaye-shaye ko cin zarafin da aka fuskanta a baya.

A jiki, haɗarin ya haɗa da zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta, lalacewar jijiyoyi da tabo na dindindin. Shan magani fiye da ƙima na iya lalata hanta ko ƙoda, kuma alamomin kan yi jinkirin bayyana, saboda haka ake garzayawa asibiti ko da mutum yana jin lafiyarsa ƙalau.

Ba duk mai raunata kansa ke neman mutuwa ba, amma ɗabi'ar na cikin manyan alamomin haɗarin kashe kai, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana cin rayuka sama da 700,000 a shekara. Ƙa'idojin da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2022 sun buƙaci ƙwararre ya zauna da majiyyaci, ya binciki halin da yake ciki, sannan a ba shi magani ta hanyar tattaunawa.

A Najeriya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai sashe na 231 na kundin Penal Code da sashe na 327 na Criminal Code sun tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Likitoci na kukan cewa tsoron hukunci yana hana iyalai kai marasa lafiya asibiti. Majalisar dokokin Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023.

Ana samun kulawa a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware, da kuma na Dawanau a Kano. Shawarar ƙwararru ga iyaye da abokai ita ce su saurara ba tare da tsangwama ba, su kuma raka mutum wurin likita.