Connect Four: Wasan da aka riga aka san ƙarshensa

Connect Four wasan dabara ne na mutum biyu, dangin dara, wanda kamfanin Milton Bradley na Amurka ya fitar a 1974. Allonsa a tsaye yake, da layuka bakwai, kowanne mai gurbi shida. 'Yan wasa kan jefa 'ya'yansu ta sama bi da bi, kowane ɗa ya sauka a gurbin ƙasa da babu kowa. Wanda ya fara jera huɗu a tsaye, a kwance ko a karkace, shi ya ci.

A 1988, James Allen da Victor Allis, kowa da bincikensa, suka tabbatar cewa wanda ya fara jefawa a layin tsakiya, muddin bai yi kuskure ba, dole ya ci. Idan ya fara da layin da ke gefen na tsakiya, kunnen doki za a yi. Idan ya wuce nan, nasara ta koma ga abokin karawarsa.

Saboda haka manhajar da ta ƙware ba ta ciwuwa idan ita ta fara. Nasarar da ake samu a kanta a intanet, a mataki mai sauƙi, rangwame ne: galibi an taƙaita mata nisan da take hangowa ne da gangan.