Magungunan kare tantanin bayan ido: abin da suke yi da abin da ba su iya yi

Ba kowace matsalar gani ba ce yanar ido. Yana a gaban ido take, ana cire ta da aiki, gani ya dawo. Amma akwai cutar da ke can ciki, a wani siririn tantani da ke shimfiɗe a bayan ƙwayar ido, wanda likitoci ke kira retin. Shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyinsa in sun mutu ba su sake tohowa. Shi ya sa magungunan da za mu bayyana aikinsu tsare ganin da ya rage ne, kuma wanda ya zo da wuri shi ke cin moriyarsu.

Me ke lalata tantanin?

Na farko, ciwon sukari. In ya daɗe ba a kula da shi ba, ƙananan jijiyoyin jinin tantanin sai su riƙa yoyo, wurin ya kumbura. Hawan jini yana ƙara tsananta abin. Na biyu, tsufa. Daga shekara 50 zuwa sama tsakiyar tantanin, wato makula, tana iya lalacewa. Da ita muke karatu, muke zura zare a allura, muke gane fuska. Wannan cuta iri biyu ce: busasshiya mai tafiya a hankali, da jiƙaƙƙiya wadda sabbin jijiyoyi marasa ƙwari ke tsirowa suna zubar da ruwa da jini, tana iya cinye gani cikin ƴan makonni. Amosanin jini, wato sikila, shi ma yana taɓa tantanin.

Allurar cikin ido

A shekarar 1989 wani masani ɗan Italiya mai aiki a Amurka, Napoleone Ferrara, ya ware sinadarin da ke sa jijiyoyin jini tsiro, ana kiran sa VEGF. Daga nan aka samo magungunan da ke toshe shi. Ranibizumab, mai sunan kasuwa Lucentis, ya samu izini a Amurka a 2006, aflibercept ko Eylea a 2011, faricimab ko Vabysmo a 2022. Akwai kuma bevacizumab ko Avastin, wanda asalinsa maganin kansar hanji ne. Wani babban bincike a Amurka ya nuna a 2011 cewa a jiƙaƙƙiyar cutar tsufa yana aiki daidai da Lucentis, ga shi da sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna masu muhimmanci saboda ido.

Duk waɗannan allura ce, ba ɗigo ba. Likitan ido zai kashe zafin wurin, ya wanke, ya sa siririyar allura ta gefen farin ido. Ƴan mintoci ne, mutum ya koma gida ranar. Galibi ana farawa da allura ɗaya kowane wata, daga baya likita ya riƙa tsawaita tazara gwargwadon yadda ido ya amsa. To, nan gizo ke saƙa: in an ji sauƙi aka daina zuwa randebu, ruwan yana dawowa. In kuma bayan allura ido ya yi zafi sosai, ya yi ja, ko gani ya ragu, a koma asibiti ranar, kar a jira gobe. Mai juna biyu da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki su gaya wa likita tun kafin a fara. Ga masu sukari da sikila, wani lokaci hasken leza ake amfani da shi maimakon allura, ko a haɗa su.

Busasshiyar fa?

Ita ce mai wuyar magani. Bincike a Amurka ya nuna haɗin bitamin C da E da zinki yana rage haɗarin tsanantar cutar da kusan kashi 25 cikin 100 ga waɗanda ke matakin tsakiya, daga baya a 2013 aka gyara haɗin da lutein da zeaxanthin. Bai hana mai lafiya kamuwa, don haka kar a saya haka kawai. A 2023 Amurka ta amince da allurai biyu, Syfovre da Izervay. Suna rage gudun lalacewa ne kawai, ba su maido da gani, kuma hukumar magunguna ta Turai ta ƙi amincewa da Syfovre a 2024.

Alamomin da za a lura da su

Cutar ba ta da zafi, kuma ido mai lafiya yana rufa wa ɗan uwansa asiri. Don haka rufe ido ɗaya da tafin hannu, ka dubi gefen ƙofa ko layin rubutu, sannan ka sauya. In miƙaƙƙen layi ya zama karkatacce, ko ka ga baƙin tabo a tsakiya, ko wasu abubuwa kamar ƙudaje suna yawo ba zato, a nemi likitan ido cikin gaggawa.

Mai ciwon sukari kuwa kar ya jira alama. Sau ɗaya a shekara ya je sashen ido na babban asibiti, a Yamai ko Damagaram ko Maraɗi ko Tawa, a ɗiga masa maganin buɗe ɗan ido a leƙa bayan. Ya riƙe maganin sukari da na hawan jini, ya bar taba, domin sigari na cikin manyan abubuwan da ke jawo cutar makula.

A guji ɗigon da ake talla a kasuwa. Bai kai wa ga tantanin, kuma wasu na ɗauke da kortizon wanda ke iya jawo hawan jinin ido. Haka ma ruwan ganye da garin itace.

Ƴan uwa mazauna ƙetare, in tsoho ya ce muku ba ya gane fuskoki, kar ku aiko da kwalaben magani daga can. Ku aiko da kuɗin mota da na bincike, ku sa wani ya raka shi, ku kuma riƙa bugo salula kuna tambayar ranar komawa. Allah ya tsare mana ganinmu.